Rumbun ƙarfen da ke ƙasan Bahar Maliya

TAMBAYA: Malam, assalamu alaikum. Daga Bur Sudan nake rubuto maka. Kawuna masunci ne, ya daɗe yana ba mu labarin wani abu da ke ƙasan ruwa a Sha'ab Rumi, wani tudun murjani a cikin teku, zagayayye kamar rumbu, tsaye kan ƙafafu. In ruwa ya kwanta har daga kwalekwale ana hango shi. Kawu ya ce ginin aljanu ne, ko ƙugiya ba ya jefawa kusa da wurin. Maƙwabcinmu ya ce ɓaraguzan jirgin Italiya ne na lokacin yaƙi. Ƙanena kuwa hotuna ya nuna mana a Facebook, wai jirgin halittun wata duniya ne ya faɗo. Gardamar nan ta hana mu shan shayi cikin natsuwa. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A gaishe da Kawu, a ce masa idonsa bai yaudare shi ba, abin yana nan yadda ya siffanta shi. Sai dai 'yan Adam ne suka ƙera shi, kuma an san su.

A 1963 wani Bafaranshe mai binciken teku, Jacques Cousteau, ya zo Sha'ab Rumi, arewa da garinku, ya kafa ɗan ƙauye a ƙarƙashin ruwa. Babban gidan yana zurfin mita 10, mutanensa suka yi kwana 30 a ciki, suna ci, suna barci, suna fita aiki su dawo. Har aku suka sauka da shi. Akwai kuma wani ƙaramin ɗaki a zurfin kusan mita 30, inda mutum biyu suka yi mako guda. Da suka gama sai suka kwashe gidajen kwanan, suka bar garejin da suke ajiye ƙaramin jirginsu na nutso. Garejin nan shi ne rumbun Kawu. Ta ƙasa ake shigarsa, tsakanin ƙafafun, shi ya sa ba a ganin ƙofa daga sama. Shekara sittin da ɗoriya murjani na tsirowa a jikinsa har ya rufe ƙarfen, to wa zai zargi wanda ya ɗauka ba aikin hannu ba ne?

Me ya kai su zaman ƙasan ruwa? Duk mai nutso ya san cewa in ya daɗe a zurfi, iskar naitirojin na narkewa cikin jininsa. In ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa, gaɓoɓi su ɗau ciwo, wani jikinsa ya shanye, wani ma ya rasu. Dole a taso a hankali ana tsayawa, a wuri mai zurfi sosai aikin minti kaɗan kan ci sa'o'i na jira. Abin da suka gwada shi ne mutum ya tare a can ƙasa, ya yi aikinsa na makonni, ya biya bashin jiran sau ɗaya a ƙarshe. Kamfanonin mai na Faransa sun sa kuɗi a aikin, don su ke da buƙatar ma'aikata a ƙasan teku. Samuwar aljanu ba abin musu ba ne a wurinmu, amma wannan ginin an ɗauki fim ɗin masu shi suna shiga suna fita, fim ɗin ma ya ci kyautar Oscar.

Maƙwabcinku ya haɗa labari biyu ne. Jirgin Italiyar gaskiya ne, sunansa Umbria, amma yana kwance a Wingate, daf da bakin tashar Bur Sudan. A watan Yunin 1940 Turawan Ingila, masu mulkin Sudan a lokacin, suka tsare shi yana kan hanyar Eritiriya da bama-bamai kimanin 360,000. Kyaftin ɗinsa ya ji a rediyo cewa Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya sa aka nutsar da jirgin da gangan don kada kayan su faɗa hannun abokan gaba. Tsawonsa ya kai mita 150, yana kwance kan gefensa, bama-baman na nan cikin cikinsa. In akwai wurin da ya cancanci tsoron Kawu, wannan ne.

Na ƙanenka ba zan ja shi ba. Ina kyautata zaton hotunan na wani abu ne da 'yan Suwidin suka hango da na'urar auna ƙasan teku a Tekun Baltik a 2011. Da masana suka duba duwatsun da aka ɗebo daga wurin, sai suka ga irin waɗanda ƙanƙara ta janyo ta bari tun zamanin da ne. Yawancin hotuna masu kyan gani da ke yawo zane ne kawai.

Sharaɗi ɗaya zan sa. Duk bayanin nan na abin da ke Sha'ab Rumi ne, a zurfin mita 10, mai ƙafafu. In Kawu ya taɓa ganin wani ƙarfen daban a wani tudun murjanin, musamman dogo mai tsini kamar bam, kada kowa ya ɗaura masa igiya da niyyar sayar wa 'yan gwangwan. A kai maganar ga hukumar tashar jiragen ruwa.