Tambaya da Amsa: Wa ke ƙirga makaman nukiliyar Amurka da Rasha?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Gusau. Muna jin an ce Amurka da Rasha sun yi yarjejeniyar rage makaman nukiliya. To, mutanen da ba su yarda da juna ba, ta yaya ɗaya zai san ɗayan bai yi ɓoyo ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka taɓo jijiyar maganar, domin sa hannu a takarda ba shi da wuya, bincike ne aikin. Mu ɗauki yarjejeniyar New START, wadda Obama na Amurka da Medvedev, shugaban Rasha na lokacin, suka sa wa hannu a Prague a 2010. Ta ƙayyade wa kowane ɓangare kawunan nukiliya 1,550 da ke girke, da abubuwan kai su guda 700, wato makamai masu linzami na ƙasa, na jiragen ƙarƙashin teku, da manyan jiragen sama.

Ga yadda aka riƙa tabbatarwa a lokacin da binciken ke gudana. Kowane makami mai linzami yana da lambarsa, kuma sau biyu a shekara aka riƙa musayar jerin kayan da inda suke. Sannan an ba kowa damar kai ziyarar bincike 18 a shekara. Sai masu bincike sun sauka a ƙasar kafin su faɗi sansanin da suke so, don kada a yi kwashe-kwashe. Da sun isa, su ne ke nuna makami ɗaya su ce a buɗe wannan. Masu masauki sukan lulluɓe kowane kai don kare sirrin ƙirarsa, baƙin su ƙirga lulluɓin. In aka ce wani abu ba nukiliya ba ne, sai a kara masa na'urar auna tururin nukiliya.

Akwai giɓi, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Jirgin sama ana ƙirga shi a matsayin kai ɗaya alhali yana ɗaukar da yawa. Ƙananan makaman fagen daga da na ajiya ba su shiga lissafi ba, Sin kuma ba ta ciki.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne binciken ya tsaya tun Maris 2020 saboda korona, kuma a Fabrairun 2023 Putin ya dakatar da shigar Rasha. An riga an tsawaita yarjejeniyar a 2021 zuwa 5 ga Fabrairun 2026, ƙa'idarta ba ta ba da damar ƙari ba. Kafin nan yarjejeniyar INF ta 1987, ta makamai masu linzami masu matsakaicin zango, wadda ta sa aka lalata makamai 2,692, ta rushe a 2019. Janar ɗin da ba ya ganin rumbun abokin gaba, mafi munin zato yake yi, ya kuma nemi kuɗin ƙera makamai daidai da zaton.

Tambaya: Daga Kamba nake rubutowa, bakin iyakar Nijar. Yuraniyom ɗin da ake haƙa a Arlit ta Nijar zai iya zama bam? Kuma ina ruwanmu?

Amsa: Kai tsaye, a'a. A yuraniyom na ƙasa, nau'in U-235, wanda shi ake buƙata don makamashi ko bam, kashi 0.7 ne kacal cikin ɗari. Tashar lantarki na buƙatar a tace shi zuwa kashi 3 zuwa 5, bam kuwa wajen kashi 90, aikin da ke cin tarin injinan tacewa masu juyawa.

Ruwanmu kuwa tsohon zance ne, ɗan'uwa. Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Saharar Aljeriya a Fabrairun 1960, kuma a 1961 gwamnatin Tafawa Balewa ta kori jakadan Faransa saboda gwaje-gwajen. Yarjejeniyar Pelindaba, da ta fara aiki a 2009, ta haramta makaman nukiliya a Afirka. Ƙaramin injin bincike na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ma, a 2018 aka sauya masa makamashi zuwa mai ƙarancin tacewa, aka mayar da tsohon zuwa Sin.