An yanke mini hukunci ban sani ba, ga umarnin kamu: kuskuren takardun ƙara zai iya rushe su?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Kano. Wani abokin huldata ya kai ni babbar kotu a kan cikon kuɗin atamfa. Wallahi ban ji labarin ƙarar ba sai da aka ce mini an yanke hukunci, kuma alƙali ya ba da umarnin a kamo ni. Da ƙanena ya karɓo kwafin takardun, sai muka ga an liƙa sammacin a tsohon shagon da na bari shekara biyu da suka wuce, an rubuta sunana ba daidai ba, lissafin kuɗin ya saɓa a wuri biyu, sannan a gurbin sa hannun lauya sunan ofishinsu kawai aka sa. Wannan zai iya rushe hukuncin? Yanzu ko kasuwa ba na iya fita.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya kawo mafita. Akwai hanya, amma kurakuran nan huɗu da ka lissafa ba nauyinsu ɗaya ba. Biyu suna iya tumɓuke shari'ar daga tushe, biyu kuwa da wuya su motsa alƙali, kuma na sha ganin mutum ya ɓata kuɗinsa da lokacinsa a kan marasa nauyin.

Asali, alƙalin da ya yanke hukunci ya gama aikinsa, ba ya komawa ya sake auna hujjoji, wannan aikin kotun ɗaukaka ƙara ne. Sai dai doka ta bar masa ƙofa ya soke hukuncinsa da kansa idan ba shi da hurumi tun farko, ko an samo hukuncin ta hanyar yaudara, ko an yanke shi saboda wanda ake ƙara bai bayyana ba. Tun 1962, a shari'ar Madukolu da Nkemdilim, Kotun Ƙoli ta ce ɗaya daga sharuɗɗan hurumi shi ne ƙarar ta shigo ta hanyar da doka ta tsara.

Mu fara da sammaci, don nan ne ƙarfinka yake. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, kuma a shari'ar Skenconsult da Ukey ta 1981 Kotun Ƙoli ta nuna cewa in ba a isar wa mutum da takardar da ya wajaba a isar masa ba, abin da aka gina a kai ɓatacce ne. Amma kada ka yi saurin murna. Liƙa sammaci a ƙofa halal ne idan alƙali ne ya ba da izini, bayan an nuna masa an nemi mutum ba a same shi ba. Don haka lauyanka ya shiga fayil ɗin ya duba abu biyu: akwai wannan izinin a rubuce? Kuma me ma'aikacin kotun da ya kai sammacin ya rantse a kai, wace rana, wane shago, wane layi? In babu izini, magana ta ƙare. In akwai, aikinka ne ka nuna cewa mai ƙara ya san ka tashi, ya kuma san inda ka koma. Rasit ɗin hayar sabon shago, takardar kayan da ya taɓa aiko maka can, saƙon WhatsApp da ka yi masa kwatance, irin waɗannan su ne ke magana a gaban alƙali. Rantsuwa da baki kawai ba ta isa.

Na biyu shi ne sa hannu. A 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta ce ofishin lauyoyi ba lauya ba ne, wanda sunansa ke cikin rajistar lauyoyi shi kaɗai ke da ikon sa hannu a takardar kotu a matsayin lauya. An nemi ta janye wannan matsayi a shari'ar First Bank da Maiwada a 2012, ta ƙi. To amma wace takarda ce aka sa wa sunan ofishin? Idan takardar buɗe ƙara ce, wadda ita ce tushe, shari'ar ba ta taɓa tsayuwa ba. Idan kuwa takardar bayanin da'awa ce da ke biyo baya, kotun ta sassauta a shari'ar Heritage Bank da Bentworth ta 2018, inda ta ɗauke shi a matsayin kuskuren da ake iya yafewa in ba a yi ƙorafi da wuri ba. Haka ma rashin manna hatimin ƙungiyar lauyoyi, a shari'ar Yaki da Bagudu ta 2015 an ce abu ne mai gyaruwa.

Kuskuren harafi a suna, matuƙar kowa ya san kai ake nufi, gyara shi ake yi. Saɓanin lissafi kuma bai rushe hurumi, amma ka riƙe shi, zai yi maka amfani wajen nuna kana da kariya. Domin ko da alƙali ya ce sammacin ya isa, kana iya roƙon a soke hukuncin tun da an yanke shi a bayan idonka. A nan zai duba abubuwan da aka jero a shari'ar Williams da Hope Rising ta 1982: dalilin rashin zuwanka, ko ka yi jinkiri bayan ka ji labari, ko mai ƙara zai cutu, da ko kana da abin cewa a kan bashin. Jinkirin nan shi ke kashe mutane. Dokokin babbar kotu 'yan kwanaki suka bayar, in sun wuce sai an haɗa da roƙon ƙarin lokaci tare da bayanin dalili. Ɗaukaka ƙara a kan hukuncin ƙarshe kuma wata uku ne.

Yanzu batun kamun, wanda na san shi ya hana ka barci. Bashi ba laifi ba ne, sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda rikicin ciniki kawai. Amma naka umarnin alƙali ne, kuma galibi yana fitowa ne idan an aika wa wanda ake bi sammacin ya zo a binciki ƙarfinsa na biya, bai zo ba. In shi ma wannan sammacin a tsohon shago aka liƙa, ciwon ɗaya ne. Umarnin kamun a kan hukuncin yake zaune, in hukuncin ya faɗi shi ma ya faɗi. Sai dai har ranar da alƙali ya soke shi yana nan da ransa, komai muninsa, kuma ɗan sandan da ya same ka a bakin Kantin Kwari ba zai tsaya duba sa hannun lauya ba.

Shawarata, kada ka ci gaba da ɓuya, ɓuya tana ƙara wa maganar mai ƙara ƙarfi cewa gudu kake. Lauyanka ya shigar da roƙo ɗaya mai ɗauke da buƙatu uku: a dakatar da kamun da zartar da hukunci, a soke umarnin kamun, a soke hukuncin. Ya haɗa da takardar rantsuwarka da hujjojin, da kariyar da za ka gabatar, ya kuma nemi a saurare shi cikin gaggawa. Ranar zaman ka je da ƙafarka, ka tsaya a bayansa. Sannan ka sani, soke hukunci bai goge bashi ba. In tushen ne ya lalace, abokin huldarka na iya sake shigar da ƙara muddin wa'adi bai wuce masa ba, in kuwa hukuncin kaɗai aka soke, shari'a za ta dawo sabuwa. In ka san akwai cikon da ke kanka da gaske, fito da littafin shagonka tun yanzu, ku zauna da dattawan kasuwa a tantance adadin, a kai wa alƙali yarjejeniyar ya mayar da ita hukunci.