Na canza wa STI ɗina intek, dole ne sai an yi mata tiyunin?

Tambaya: Salam Oga, barka da ƙoƙari. Ina da Subaru WRX STI ƙirar 2013, tokumbo ce daga Amurka. Kwanaki na yi odar intek, wato bututun da inji ke zuƙar iska ta cikinsa, irin mai buɗaɗɗen mazurari ɗin nan, bakanikena ya cire akwatin iyakilina na kamfani ya ɗaura min shi, gaskiya ƙarar turbo ta yi daɗi sosai, amma tun daga lokacin in ta tsaya a silo sai ta riƙa rawa-rawa, kuma cek injin ya kawo sau ɗaya, da muka sa na'ura ta nuna P0171, muka goge. Wani abokina ya ce in sayi na'urar Accessport in loda maf ɗin 91, wato jadawalin sarrafa inji da aka tsara don fetur mai lamba 91, shike nan tunda man mu ma 91 ne, wani kuma ya ce ai birenbos na gyara kansa da kansa in ƙyale ta kawai. Wanne zan ɗauka a ciki, kuma in har sai an yi tiyunin na musamman, me ake taɓawa a ciki? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Kafin komai, dan Allah daga yau kar ka ƙara take totur har ƙasa a motar nan, in ma akwatin iyakilinan kamfanin yana nan ba a yar ba to a mayar da shi yau-yau, ka ajiye sabon intek ɗin har ranar da aka shirya tiyunin, wato sake rubuta jadawalin da birenbos ke sarrafa inji da shi. Shawarar abokanka biyun nan kowacce akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki amma kowacce za ta iya kai ka ga sauke inji.

Injin da ke cikin motarka EJ257 ne, lita 2.5 mai turbo, dawaki 305 ya fito da su daga kamfani, kuma birenbos ɗinsa ba ya ganin iska da ido, da MAF yake aunata (daban yake da maf ɗin da ake lodawa), wato ɗan sensan nan da ke soke a jikin bututun intek daf da iyakilina. A cikinsa akwai siririyar waya da ake ɗumamawa da wuta, iska in ta wuce sai ta sanyaya ta, gwargwadon sanyin gwargwadon boltejin da zai aika, tsakanin 0 da 5. Shi kuma birenbos yana da jadawali a cikinsa da ke cewa bolt kaza yana nufin giram kaza na iska a sakan ɗaya, kuma injiniyoyin Subaru sun rubuta jadawalin nan ne da bututunsu na asali, da faɗinsa da lanƙwasarsa da komai. Sensan ɗan tsiririn iskar da ta bi ta kansa kawai yake ɗanɗanawa, sauran lissafi ne. To kai yanzu ka canza bututun. Mu ɗauka na da faɗinsa milimita 65 ne sabon kuma 70, a ido bambancin ba komai ba ne, amma in ka lissafa faɗin ƙofar ya ƙaru da kusan kashi 16 cikin ɗari, iska iri ɗaya za ta wuce a hankali fiye da da, wayar ba za ta yi sanyi sosai ba, sai birenbos ya ɗauka iskar kaɗan ce ya rage fetur. Kamar mai awo ne da aka musanya masa mudu da wanda ya fi girma bai sani ba, yana ta ƙirga mudu goma yana karɓar kuɗin goma alhali hatsin da ya fita ya fi haka.

Wannan shi ne P0171 ɗin da ka gani, iska ta yi yawa fetur ya yi kaɗan. Kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, matsalar biyu ce a haɗe, domin da wannan awon iskar ne birenbos ke lissafa nauyin da ke kan inji, da shi kuma yake zaɓar lokacin da fulogi zai ba da wuta. In ya zaci nauyin kaɗan ne sai ya ba da wuta da wuri. Kaga ga ƙarancin mai ga wuta da wuri ga turbo na tura iska wajen psi 14 da wani abu, abin da ke biyo baya shi ne nokin, man ya fashe da kansa ba bisa tsari ba yana dukan kan fistin. EJ257 kuwa an san shi da rauni a nan, ɗan tudun da ke tsakanin ringi da ringi a jikin fistin shi ke tsagewa, sau da yawa a silinda ta 4, daga nan sai ka fara ganin hayaƙi da shan baƙin mai da faɗuwar kwamfireshan.

Abokinka da ya ce birenbos na gyara kansa, eh yana yi, amma a wani yanayi kawai. Lokacin da kake silo ko tafiya a hankali cikin gari, yana sauraron sensan salansa na gaba yana ƙara mai ko ragewa don ya tsaya a kan 14.7 na iska da 1 na fetur, kuma yana ajiye abin da ya koya, a Subaru ana ganinsu da sunan AF Correction da AF Learning. In suna wasa tsakanin ƙari ko ragin kashi 5 lafiya lau, in sun haura 10 akwai magana. Amma da zarar ka take totur turbo ya cika, sai ya daina sauraron wancan sensan ya koma kan jadawali zalla, a wurin ana son cakuɗin ya yi kauri, wajen 11 da 1, saboda ƙarin man shi ke sanyaya cikin silinda. Wato daidai inda ka fi buƙatar gyaran, nan ne babu mai gyarawa. Shi ya sa mota za ta yi ta yawo cikin gari wata da watanni lafiya, ranar da aka hau titin Zariya aka ce bari a gwada ta sai labari ya canza.

Sai maganar 91, nan nake so ka buɗe kunne. Lambar okten, wato ƙarfin mai na jure nokin, da ake rubutawa a famfon mai a Amurka AKI ce, matsakaicin awo biyu ne, RON da MON. Mu kuma a nan da RON kaɗai ake magana kamar Turai. 91 na Amurka ya kai wajen RON 95, 93 nasu kuwa wajen 98, shi kuma fetur ɗin da muke sha a gidajen mai wanda bai wuce RON 91 ko kusa da haka ba, in ka mayar da shi awonsu bai fi 87 ba, wato mafi arha a famfonsu, wanda Subaru da kansu ba su yarda a zuba wa STI ba ko da ba a taɓa mata komai ba. To maf ɗin da Cobb, masu ƙera Accessport, suka rubuta 91 a jikinsa an gina shi ne a kan man da ya fi namu nesa ba kusa ba, kuma yana ƙara bus, wato matsin iskar turbo, da wuta a kan na kamfani. Ƙari a kan haka irin waɗannan maf na kanti kowanne an yi shi ne don takamaiman intek, akwai na akwatin kamfani akwai na intek ɗinsu na SF, in naka wani kamfani ne daban jadawalin MAF ɗin ba zai hau ba ko da sunan ya yi kama. Accessport ɗin kansa na'ura ce mai kyau, ban hana ka saya ba, da ita za ka loda maf kuma da ita za ka ɗebo bayanan inji, maf ɗin da za a zuba ne dole ya zama an ɗinka shi a kan motarka da man ka. In na hannu za ka saya ka tabbatar an sake shi daga motar da yake kai, don yana ɗaure kansa da mota ɗaya ne, wanda ba a sake ba kusan kwalliya ce kawai ka saya. Akwai kuma manhajar EcuTek, akwai hanyar kyauta ta manhajojin RomRaider da EcuFlash da kebul, duk suna kaiwa, ka bi wadda mai tiyunin ɗinka ya ƙware a kai.

Wani abu kuma tunda tokumbo ce, kar ka ɗauka maf ɗin kamfani ne a ciki. STI da yawa an riga an yi musu tiyunin a can, mai ita ya kwance kayansa kafin ya sayar ya bar maf ɗin, don haka a fara karanta abin da ke cikin birenbos a ajiye kwafinsa a wuri biyu.

Kafin a zo kan kwamfuta ma akwai aikin gareji, kuma mai tiyunin na kirki ba zai taɓa motar ba sai an yi. A auna kwamfireshan na silinda huɗun a ga sun yi kusa da juna, a hura hayaƙi ko iska a cikin bututun a nemo inda ke yoyo, domin rawar silon da ka ce ma tana iya zama kilif ne bai ɗauru ba ko wani ƙaramin tiyo da aka manta ba a mayar ba lokacin ɗaura intek, iskar da ta shiga ta bayan MAF ba a ƙirga ta ba ita ma P0171 take kawowa. A duba fulogi, a duba famfon mai da nozul, motar ta haura shekara goma. A wanke MAF da feshin da aka yi dominsa, ban da feshin kafireto, kuma kar a taɓa wayar da hannu ko tsumma. In matatar intek ɗin irin mai shan mai ce, man yana bin iska ya manne a wayar, ga ƙurar hunturu ta zo ta hau kai, awo ya ƙara karkacewa, ni dai a ƙasar nan busasshiyar matata nake zaɓa. Haka in an sa mata bawul ɗin nan mai fitar da iska waje yana "fishh" in an saki totur, iskar da aka riga aka ƙirga yake zubarwa, mai ya yi yawa tsakanin giya da giya, a mayar da mai juyar da iskar ciki.

Shi tiyunin ɗin kansa, aikin farko kuma mafi cin lokaci shi ne sake rubuta jadawalin MAF. Ana yawo da motar a silo da tafiyar gari da ta babban titi ana ɗaukar bayanai, a duba a kowane bolt nawa birenbos ke ƙarawa ko ragewa, a gyara layin, a sake fita, har gyaran ya dawo kusa da sifili. Ɓangaren sama kuma inda turbo ke aiki sai da sensan waidban, mai auna cakuɗin iska da mai, na daban a salansa bayan turbo, domin na kamfanin yana gaban turbo ne kuma matsin hayaƙi na sa shi ƙarya in an take. Sai awo ya daidaita sannan a zo kan yawan mai, da lokacin wuta, da bus. Da irin man mu kuwa mai tiyunin da ya san aikinsa rage wuta zai yi, wataƙila ya rage bus ma ƙasa da na kamfani, ya kuma ƙara yawan wutar da ake janyewa in iskar shiga ta yi zafi, saboda intakulan STI, mai sanyaya iskar turbo, a saman inji yake zaune, ka tsaya a gosulo a watan Afrilu ana zafin digiri 40 sai ya koma kamar murhu, shi kuma buɗaɗɗen mazurarin in ba shi da garkuwa iskar cikin bonet yake zuƙa. Don haka kar ka yi mamaki in an gama ka ga dawakin ba su ƙaru ba ko ma sun ɗan ragu a takarda, amma motar ta fi santsi kuma ta daina janye wuta tana sakewa. Intek kaɗai a kan turbon kamfani dama ba wani ƙarfi yake ƙarawa ba, akwatin Subaru yana wadatar da shi, yawanci ƙara ake saya.

In ba ka samu daino, na'urar gwada ƙarfin mota tana tsaye, mai ɗaukar taya huɗu kusa ba, ana yi daga nesa, mai tiyunin ya turo maka maf ta imel ka loda, ka ɗauko bayanai ka tura masa ya gyara ya sake turowa. Ka faɗa masa gaskiya tun farko cewa man ka RON 91 ne ba AKI ba, ka faɗa masa zafin garinku, kuma ka riƙa shan mai a gidan mai ɗaya da ka yarda da shi har a gama. Zai nemi ka ja giya ta 3 daga wajen 2500 har kusa da jan layi, wannan a STI ya kai kilomita 130 zuwa 140 a awa, saboda haka sai miƙaƙƙen titi mara jama'a da dabbobi, kuma wani ne zai riƙe na'urar ba kai ba. Lokacin lodi batir ya zama cike, a kashe AC da fitilu, kar a taɓa makulli, wuta ta yanke a tsakiya birenbos na iya mutuwa.

Lambobin da za ka riƙa leƙawa bayan an gama su ne DAM, awon yadda birenbos ya saki jiki da ba da wuta da wuri, wanda ya kamata ya zauna a 1.0, sai Feedback Knock da Fine Knock Learning, masu nuna digirin wutar da ya janye saboda nokin. Ɗan -1.4 da ke leƙowa jefi-jefi a tafiyar gari ba abin tashin hankali ba ne, amma in DAM ya sauko ko kana ganin manyan lambobi duk lokacin da ka take, ɗaga ƙafa, wataƙila man da ka sha ne. Ƴan kwalaben ƙarin okten na kanti kar ka dogara da su, "maki" da suke rubutawa a jiki kashi ɗaya cikin goma ne na lamba ɗaya, masu aikin gaske kuma masu sinadarin MMT ne, suna barin jan ƙasa-ƙasa a kan fulogi da sensa in an daɗe ana sha. Kuma ko da tiyunin ɗin ya yi kyau ka daina take totur a giya ta 5 ko ta 6 inji na ƙasa da 3000, sauko da giya tukuna.

Masu Charger da Challenger da ke karanta wannan, ku injin Hemi ɗinku da sensan matsin iska na MAP yake lissafi, ba shi da MAF, shi ya sa intek bai cika rikita shi haka ba. Masu Mustang 5.0 kuwa jirgi ɗaya ya kwaso ku da mai STI, ku duba kwalin intek ɗin da kyau, wasu an rubuta ƙarara cewa sai da tiyunin.