Ga mai tambaya kan gaisuwar kareti, kalmomin Japananci da maganar ɗamara

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta tambayarka. Ka ce ba ka daɗe da shiga kulob ɗin kareti na Shotokan ba, malami yana ta ba da umarni da Japananci, kai kuma sai dai ka riƙa satar kallon na kusa da kai. Ka ce sunkuyawar da ake yi tana yi maka nauyi a zuciya, sannan kana son sanin shekara nawa za ka yi kafin ka ɗaura baƙar ɗamara. Na daɗe a wannan wasa, har yanzu ni ake miƙa wa sababbin shiga in ɗora su a kan hanya, don haka bari in gaya maka abin da na sani.

Da sunkuyawar zan fara, domin a iya ganina ta fi wahalar atisaye korar mutanenmu daga kareti.

Japanawa suna kiranta rei. A wurinsu gaisuwa ce ta yau da kullum, a ofis, a kanti, a bakin titi. Gichin Funakoshi, mutumin tsibirin Okinawa da ya kai kareti birnin Tokyo a 1922, wanda daga makarantarsa Shotokan ta fito, ita ya sa a farkon ƙa'idodinsa 20: da rei ake fara kareti, da ita ake rufewa. Iri biyu ce. Akwai ta tsaye, wadda za ka haɗa dugaduganka ka ɗan rusuna daga ƙugu. Akwai kuma ta zaune, wadda ake yi a farkon darasi da ƙarshensa. Babban ɗalibi zai ce "seiza", kowa ya durƙusa ya zauna a kan ƙafafunsa. Ya ce "mokuso", a rufe ido a natsu na ɗan lokaci. Daga nan sai "shomen ni rei", gaisuwa ga gaban ɗaki, sai "sensei ni rei", gaisuwa ga malami, sai "otagai ni rei", gaisuwa ga juna. A wannan ta zaune mutum yana dafa ƙasa da tafukansa ya sauke goshi ya kusanci dandamali, kuma duk Musulmin da ya gan ta ya san da me ta yi kama. Bugu da ƙari, a wasu ɗakunan atisaye na Japan akwai ɗan ƙaramin wurin bauta na addinin Shinto da ake kira kamidana a jikin bangon da ake fuskanta. Saboda haka damuwarka tana kan hanya, kada wani ya ce maka tsaurin kai ne. Akwai hadisin Anas ɗan Malik da Tirmizi ya ruwaito, inda aka tambayi Annabi (SAW) ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa idan sun haɗu, ya ce a'a. Hukuncin dalla-dalla ka kai wa malamin da ka aminta da iliminsa.

Abin da ke hannuna shi ne yadda za ka bi da lamarin a kulob. Kada ka yi shiru kana yi zuciyarka tana ƙuna, kada kuma ka tsaya ƙyam a tsakiyar layi ba ka gaya wa kowa dalili ba. Ka sami sensei kafin a fara darasi, ku biyu, ka yi masa bayani cikin girmamawa. A wurinmu tuni aka daina ta zaune. Tsaye muke yi, wanda ya ga dama ya ɗan gyaɗa kai, wanda ya ga dama ya ɗora hannu a ƙirji. Sai dai ka sani idan za ka shiga gasa dokokin Hukumar Kareti ta Duniya, WKF, sun tanadi gaisuwar tsaye, har ma ana iya fitar da mai yin kata, wato tsararren jerin motsi da mutum ke yi shi kaɗai, idan bai yi gaisuwar a farko da ƙarshe ba. Gara ka san wannan tun yanzu ka yanke shawararka a natse.

Amma ko wace siga kuka zaɓa, akwai abin da ba na yarda a zubar, shi ne alamar da kake yi wa abokin atisayenka kafin ku fara da bayan kun gama. Mutum ne zai tsaya a gabanka ya ba ka fuskarsa da haƙarƙarinsa ka koyi naushi a kansu. Wannan 'yar tsayawar da kallon ido da kuke yi ita ce ke nuna kun shirya ku duka biyu, kuma ka ɗauki amanar jikinsa. Yawancin raunukan da na gani a ɗakin atisaye ba a faɗa mai zafi suka faru ba. Wani ne ya kai hannu alhali ɗan'uwansa yana gyara ɗamara, ko ya ƙara shuri ɗaya bayan an ce a tsaya.

Sauran ladubban ma idan ka duba, kiyaye lafiyar jama'a ne tushensu. Takalmi a bakin ƙofa. Farce a yanke, na hannu da na ƙafa, don farcen babban yatsa yana tsaga fata. Agogo, zobe, sarƙa, duk a cire. Idan ka makara, ka tsaya a gefe har malami ya yi maka alama, kada ka ratsa ta gaban masu shuri. Idan jini ya fito, ko kanka ya fara juyawa, musamman lokacin zafi ko azumi, ka ɗaga hannu ka faɗa, ba ragwanta ba ce. Ana jera layi bisa matsayi, manya a gefe guda, galibi dama, sababbi a ƙarshe. Yaro ɗan shekara 14 zai iya tsayawa sama da kai idan ya riga ka, kuma sempai za ka kira shi, wato wanda ya gabace ka. Na san wannan yana yi wa magidanta wuya, amma da an fita ƙofa shi zai gaishe ka. Rigar kuma, wadda ake kira gi, ɓangaren hagu ake ɗorawa a kan na dama. Akasin haka a Japan gawa ake yi wa. Ga 'yan'uwa mata da ke karantawa, WKF ta amince da baƙin ɗankwali mai rufe gashi a gasa tun 2013.

Kalmar sensei bayan suna take zuwa, kuma mutum ba ya kiran kansa da ita. "Osu" da kake ji ana ta faɗa, a Shotokan da Kyokushin, wani salon kareti, tana tsayawa a madadin "to", "na ji", "na gode". Ka yi amfani da ita a inda ake yinta, amma ba lafazin ladabi ba ce a Japananci na yau da kullum, kuma yawancin makarantun Okinawa ba sa faɗinta.

Yanzu ga harshen. Kada ka sayi littafi ka zauna hadda. Kalmomin da ke da gaggawa ba su da yawa. "Yoi", ka shirya. "Hajime", fara. "Mawatte", juya. "Yame", tsaya, kuma wannan ita ce wadda nake so ta shiga jininka kafin kowace, ko hannunka ya riga ya tashi, da ka ji ta ka janye. Ƙidaya kuwa ichi, ni, san, shi, go, roku, shichi, hachi, kyu, ju. Za ka ji malamai suna gutsure ƙarshensu, "ich", "rok", "hach", don su yi daidai da saurin motsi.

Sunayen dabaru gini ne na guntaye, da ka gane guntayen shi ke nan. Jiki kashi uku ne: jodan fuska da kai, chudan ƙirji da ciki, gedan daga ƙugu zuwa ƙasa. Duk abin da ya ƙare da zuki naushi ne, geri shuri ne, uke tarewa ce, dachi tsayuwa ce. Mae gaba, yoko gefe, mawashi mai zagayowa, gyaku kishiya. To idan aka ce "chudan gyaku-zuki", naushi ne zuwa ciki da hannun da ke kishiyar ƙafar da ke gaba. "Jodan age-uke", tarewa mai tashi sama don kare fuska. "Mae-geri", shurin gaba. Tsayuwa uku za ka fi ji a shekararka ta farko: zenkutsu-dachi mai nauyi a ƙafar gaba, kokutsu-dachi mai nauyi a ta baya, da kiba-dachi, wadda ake buɗe ƙafa kamar mahayin doki. Wanda bai sani ba ya ɗauka ƙawa ce kawai ake yi da harshen wasu. Amfaninsa shi ne ranar da ka je horo a Yamai ko Alƙahira ko Tokyo, ba ka jin yaren malamin, amma da ya ce "gedan-barai", wato tarewar ƙasa, ka san abin yi. A lokacin atisaye da abokin tarayya ma mai kai hari yana faɗin inda zai kai, "jodan" ko "chudan", sai an amsa masa sannan ya taka. Idan ka furta wuri ɗaya ka kai hari wani wuri daban, haƙorin mutum ne a hannunka.

Sai maganar ɗamara, ko bel kamar yadda aka fi faɗa. Tsarin ba na kareti ba ne tun asali. Jigoro Kano, wanda ya kafa judo a 1882, shi ya ƙirƙiro shi, Funakoshi ya aro, ya ba da digirin dan na farko a kareti a 1924. Matakan ƙasa da baƙar ɗamara ana kiransu kyu, kuma ƙidayarsu saukowa take yi: ka fara daga 10 ko 9, ka gangaro zuwa 1. Daga nan sai dan, wadda take hawa daga 1 zuwa sama. Launukan tsakiya daga baya suka yaɗu, kuma kowace ƙungiya da jerinta, shi ya sa koren wani kulob ba lallai ya yi daidai da koren wani ba. Idan kana son sanin matsayin mutum, tambaye shi kyu nawa yake. Abin da kusan kowa ya haɗu a kai shi ne fari a farko, ruwan ƙasa daga kyu 3 zuwa 1, sai baƙi. Labarin da ake bayarwa cewa ba a wanke ɗamara don dauɗa ce ke mayar da ita baƙa ba shi da tushe. A wanke ta, da irin gumin ƙasarmu.

Jarrabawa kashi uku ce. Kihon, wato dabarun tushe, kana tafiya gaba da baya a layi. Kata, jerin motsi da aka tsara wanda za ka yi kai kaɗai. Sai kumite, aiki da abokin tarayya, wanda a matakin farko tsararre ne, taku biyar ko uku, ba dambe ba. A Shotokan za ka bi kata biyar na Heian ɗaya bayan ɗaya, waɗanda Anko Itosu, malamin Funakoshi, ya tsara wa 'yan makaranta a Okinawa da sunan Pinan. Heian Shodan motsi 21 ne, ana yin kiai, wato ihun da ke fitowa daga ciki, a na 9 da na 17. Bayan Heian sai Tekki Shodan a ƙofar ɗamara mai ruwan ƙasa, sai Bassai Dai.

Galibin ƙungiyoyi suna sa aƙalla wata uku tsakanin jarrabawar kyu da mai bi mata, tazarar kuma tana ƙaruwa idan an kusa baƙi. Mai zuwa sau biyu ko uku a mako ba fashi, ya sa ran shekara uku zuwa biyar. Duk wanda ya yi maka alƙawarin baƙar ɗamara cikin shekara guda idan ka biya kaza, ka riƙe kuɗinka. Kafin ka biya kuɗin kowace jarrabawa, ka tambayi wa zai gwada ku, dan nawa gare shi, wa ya ba shi, kuma ko kulob ɗin yana da rajista da ƙungiyar kareti ta jiha da hukumar ƙasa. Na ga yaro mai hazaƙa da ya koma wani gari da takardar shaidar da ba wanda ya san mai sa hannunta, dole ya sake daga baya, abin ya taɓa ni ƙwarai. Kuma ba kai ke cewa ka isa jarrabawa ba, sensei ke faɗa.

Mai gwaji ba ƙarfinka yake aunawa ba. Yana duba tsayuwarka, ko hannun da ba ya naushi ya koma ƙugu, wato hikite, ko idonka yana kan abokin karawa, ko ka ci gaba bayan ka yi tuntuɓe a kata ba tare da ka tsaya kana girgiza kai ba. Sama da duka yana duba ko za ka iya sakin naushi da cikakken sauri ka tsayar da shi dab da fata, abin da ake kira sundome. Ka nemi bidiyon wasan ƙarshe na maza masu nauyin sama da kilo 75 a gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021. Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba da maki 4 da 1, sai ya kai shuri sama da ya sumar da Sajad Ganjzadeh na Iran. Alƙalai suka fitar da Hamedi saboda shurin ya wuce kima, zinariya ta tafi ga wanda aka ɗauka a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Jama'a sun yi ta muhawara a kan hukuncin, ni ma na tausaya wa Hamedi, amma ina nuna wa sababbin ɗalibai wannan bidiyo kafin su fara kumite.

A darasi mai zuwa ka je da wuri, ka yi maganar gaisuwar da sensei, ka kuma roƙe shi takardar abubuwan da ake tambaya a jarrabawar kyu ɗinka ta farko. Idan akwai kalmar da ba ka gane ba a ciki, ka rubuto ta nan in warware maka. Allah Ya ba da sa'a, ƙanena.