Wai daga ina kalmar fadama ta samo asali?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne daga Gusau, mun yi gardama da abokina a lambun babanmu, shi ya ce fadama kawai tana nufin ƙasa mai kyau ta shuka, kuma wai daga "faɗa" aka samo ta saboda ruwa yana faɗawa wurin. Don Allah a warware mana.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, gaskiya na ji daɗin wannan tambaya sosai. Abokinka ya kusa amma bai kai ba. Maganar "faɗa" dai a ajiye ta, don faɗa da ɗ mai lanƙwasa ake faɗinta, fadama kuma d ce zalla, ka furta su a jere za ka ji bambancin a harshenka. Kalma ce tamu ta Hausa, jam'inta fadamu ko fadamomi.

Sannan ba kowace ƙasa mai kyau ce fadama ba. Fadama ita ce kwari, gefen rafi ko kogi, inda ruwa ke malala da damina ya kwanta, in ya janye sai ya bar laka baƙa mai danƙo da ya kwaso daga tudu, to wannan lakar ce sirrin albarkarta, ga kuma ruwa kusa kusa, ka haƙa rijiya kaɗan ka same shi, shi ya sa da rani lokacin da gonar tudu ta bushe ƙurmus mai fadama yana ta ban ruwa yana cire tumatir da albasa da attarugu, da damina kuma ya zuba shinkafa. Ka ɗebi ƙasar a hannu ka dunƙule, za ta kama ta zauna, ta jigawa kuwa rairayi ce, tana zubewa ta tsakanin yatsu. Daga wannan jigawar ma jihar Jigawa ta samu sunanta a 1991. Fako kuma shi ne ƙasa mai tauri da ba ta shan ruwa. Lambu dai wurin ne da aka killace ana ban ruwa, mutanen Sakkwato da Nijar su ce garka.

Abin da ke burge ni shi ne yadda kalmar ta yi tafiya. Bankin Duniya da gwamnatin Najeriya da suka kawo shirin noman rani a farkon shekarun 1990 ba su fassara ta ba, Fadama suka kira shi a Turance, har aka kai Fadama III a 2008. A Akara ta Gana ma akwai unguwannin Old Fadama da New Fadama. Ni dai ina roƙonka ka koma wurin baba ka sa ya nuna maka inda fadamar lambunku ta ƙare tudu ya fara, tsofaffi da ƙafa suke gane iyakar, kuma irin wannan sani ba ya cikin littafin makaranta.