Gwajin mahaifar goɗiya: fitowar bakteriya kaɗai ba hujja ba ce

Tambaya: Likita, sau uku ana yi wa goɗiyata barbara ba ta ɗauka ba. An ɗebi samfur daga mahaifarta, sakamako ya nuna bakteriya iri uku. In fara yi mata magani?

Amsa: Malam, dakata tukuna. Iri uku a farantin gwaji ɗaya yawanci alamar samfur ya gurɓata ne, domin farjin goɗiya cike yake da ƙwayoyin da ba ruwansu da mahaifa. Cuta ta gaskiya galibi iri ɗaya take fitarwa, da yawa.

A sake ɗiba lokacin da take neman namiji, sa'ad da bakin mahaifa ya buɗe. A naɗe wutsiya, a wanke gindi a tsane shi, sannan a shigar da tsinken auduga mai kube biyu, kada a turo audugar sai an shiga ciki. In ana zargin cuta mai ɓoyo, wanko mahaifa da ruwan gishiri mililita 60 zuwa 150 ya fi tsinke kamawa, tunda ruwan yana taɓa ko'ina.

A ɗakin gwaji ana shuka samfurin a farantin jini da na MacConkey (faranti masu ɗauke da abincin da bakteriya ke girma a kai), a zafin digiri 37, a duba bayan awa 24 da 48. Bakteriyar da aka fi samu su ne Streptococcus zooepidemicus da E. coli, sai Klebsiella da Pseudomonas.

Abin da ake yawan tsallakewa, kuma shi ne alƙali, shi ne shafa samfurin a gilashi, a rina, a ƙirga fararen ƙwayoyin jini nutirofil. In sun wuce biyu a kowane fili da na'urar duba ƙananan abubuwa ta faɗaɗa sau 400, akwai kumburi. Bakteriya tare da nutirofil, cuta ta tabbata. Sai dai E. coli na da wayo, takan zauna ba tare da ta tara nutirofil sosai ba, don haka a haɗa da hoton ciki a ga ko ruwa ya kwanta.

Bakteriyar Taylorella equigenitalis kuwa, mai yaɗuwa ta barbara, wadda aka gano a Ingila a 1977, ba ta fita a shukar yau da kullum. Daga loko-lokon ɗan tsaka ake ɗibarta, a saka a sinadarin Amies mai gawayi, ta isa ɗakin gwaji cikin awa 48, a jira ta kwana bakwai.

Kada a ba da magani kafin ɗiba, yana ɓoye ƙwayar. Bayan ta fito, a gwada wane magani ke kashe ta.