Kun Tambaya: Wai me ya raba kiɗan Barok na Faransa da na Italiya?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya. Ni ɗalibi ne ina karanta Faransanci, rannan malaminmu yana mana darasi a kan Molière, marubucin wasan kwaikwayo na Faransa, sai ya kunna mana wani kiɗa yace na zamanin ne, wai Barok irin na Faransa, kuma wai ya sha bamban da na Italiya. Ni dai wallahi a kunnena duk goge ne kawai ake ta ja. Ina bambancin yake? Kuma da gaske ne wanda ya kafa salon ba ma Bafaranshe ba ne?
Wani ɗalibi, daga Damagaram

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Karka damu da kunnenka, nima farkon jina haka nace, duk goge ne. Bari mu fara da tambayarka ta biyu tunda ita ce mai daɗin labari. Eh da gaske ne. Mutumin sunansa Jean-Baptiste Lully, amma sunan yanka Giovanni Battista Lulli, a birnin Florence na Italiya aka haife shi a 1632, aka kawo shi Faransa a 1646 yana ɗan shekara 13 don ya riƙa yi wa wata gimbiya hira da Italiyanci. Kaga yaron gida kenan. Toh amma ya iya rawa ya iya goge, a 1653 ya taka rawa a wani babban wasan bale na fada tare da Sarki Luwi na 14, lokacin sarkin shekararsa 14, a wasan nan ne sarkin ya fito da shigar rana, kuma ba a yi wata guda ba aka naɗa Lully mai tsara kiɗan sarki. A 1661 ya zama ɗan ƙasa ya kuma zama shugaban kiɗan fada, kusan abin da mu za mu kira sarkin makaɗa.

Barok ɗin kansa sunan zamani ne na kiɗan Turai, daga wajen 1600 zuwa 1750. Abin da nake so ka riƙe shi ne na Faransa kiɗan fada ne, fadar da sarkinta da kansa ɗan rawa ne, har makarantar rawa ya kafa a 1661. Shi yasa in ka kasa kunne za ka ji kusan komai nasu yana da takun rawa a ƙarƙashinsa, minuwet ne, gabot ne, saraban ne, kowacce da takunta da kowane bafade ya sani, don a wurinsu rashin iya rawa abin kunya ne ga mai sarauta. Su kuwa 'yan Italiya abin da suka fi so shi ne gwani ɗaya ya fito ya nuna bajinta, mai goge ya yi ta gudu a kan tsirkiya, mawaƙi ya kama gaɓa ɗaya ya ja ta ya murɗa ta har ka manta kalmar da ya faro. Bafaranshen lokacin yana ganin wannan rashin kamun kai ne. Shi so yake kalma ta fita tas, waƙa ta bi yadda ɗan wasan kwaikwayo yake furta baiti, shi yasa a oferar Faransa, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi daga farko har ƙarshe, sau da yawa ba ka gane inda magana ta tsaya waƙa ta soma. Kuma ba su karɓi al'adar Italiya ta dandaƙe yara maza don muryarsu ta zauna siririya ba, jarumin wasansu namiji ne mai murya sama-sama da suke kira haute-contre.

Abu mafi sauƙin kamawa da kunne shi ne buɗin taro, wanda ake kira ubertir ta Faransa. Ana farawa a hankali da ƙasaita, sauti mai tsawo sai gajere ya biyo shi a fizge, taaan-ta taaan-ta, kamar takun wanda ya san kowa shi yake kallo, daga nan sai kashi na biyu ya ɓarke da sauri muryoyin goge suna bin juna ɗaya bayan ɗaya. Wannan Lully ne ya tsayar da shi, kuma ya ƙetare iyaka, Handel, mai tsara kiɗa haifaffen Jamus, da shi ya buɗe shahararren aikinsa Messiah, Bach na Jamus ma ya rubuta nasa da yawa alhali bai taɓa taka Faransa ba.

Amma inda abin ya fi burge ni, kuma kai ɗalibin Faransanci za ka fi kowa ganewa, shi ne abin da aka rubuta a takarda ba shi ake kaɗawa ba. Za ka ga sautuka a jere an rubuta su tsawonsu ɗaya, amma makaɗin Faransa ya san zai ɗan ja na farko ya rage na biyu, kiɗan ya riƙa rangaji, suna ce masa notes inégales, kuma nawa za a ja nawa za a rage ba a rubuta ba, sai dai ka koya a gaban malami. François Couperin, gwanin kilabsan, wani abin kiɗa ne mai kama da fiyano sai dai shi fizgar waya yake ba dukanta ba, ya faɗa a littafinsa na koyar da kilabsan na 1716 cewa su Faransawa yadda suke rubuta kiɗa daban yadda suke kaɗa shi daban, kamar dai yarensu, shi yasa baƙi ba sa iya kaɗa nasu da kyau. Kai da kake fama da haruffan ƙarshen kalma da ba a furtawa ai ba sai na maka bayani ba. Ga kuma ƙananan kwalliya da suke ɗora wa sauti, karkarwa da ɗan lanƙwasa, kowane malami da jadawalin alamominsa, kuma Couperin ɗin nan har ƙorafi ya rubuta kan masu yi wa alamominsa yadda suka ga dama.

Sai dai fa in faɗa maka gaskiya, wannan salo bai zama ɗaya tilo don daɗinsa kawai ba, akwai ƙarfa-ƙarfa a ciki. A 1672 Lully ya sayi takardar izinin yin ofera daga hannun Pierre Perrin wanda bashi ya kai kurkuku, sarki ya sa masa hannu, daga nan ba mai yin ofera a Faransa sai da yardarsa, har aka taƙaita wa sauran gidajen wasa mawaƙa 2 da makaɗa 6. Molière ɗin da kuke karantawa, wanda suka yi Le Bourgeois gentilhomme tare a 1670, a kan wannan suka ɓata, dole ya koma wajen wani mai tsara kiɗan, Marc-Antoine Charpentier. Ni dai a ganina Charpentier an danne shi ne kawai, kiɗansa na coci ya fi na Lully shiga rai. Bayan Lully ma rigimar ba ta mutu ba, da Rameau, wani mai tsara kiɗa na Faransa, ya fito da oferarsa ta farko a 1733 yana ɗan shekara 50 magoya bayan Lully cewa suka yi hayaniya ce, a 1753 kuma masanin falsafa Rousseau ya rubuta cewa Faransawa ba su da kiɗa kwata-kwata, na Italiya ne kiɗa.

In za ka gwada kunnenka, nemi buɗin oferar Armide ta 1686 a YouTube ka saurara, sannan ka sa kowane kiɗan goge na Vivaldi ɗan Italiya a bayansa. Minti biyar ya isa.

Tambaya: Malam wai an ce akwai wani makaɗin Faransa da sandarsa ta kashe shi, gaskiya ne ko labarin shafcin gizo?
Wata mai karatu, daga Kano

Amsa: 'Yar'uwa gaskiya ne, kuma shi ne dai Lully da muka gama zancensa a sama. A lokacin jagoran makaɗa ba 'yar tsinken nan yake kaɗawa a iska ba, doguwar sanda ce mai nauyi yake buga wa ƙasa don kowa ya bi taku. A Janairun 1687 yana jagorantar waƙar godiya ta Te Deum saboda sarki ya tashi daga ciwo, sai ya maka wa yatsan ƙafarsa sandar, wurin ya rure ya ruɓe, likitoci suka ce a yanke ya ƙi yarda, ana cewa wai don kar ya rasa rawa. Ya mutu ranar 22 ga Maris 1687 a Paris yana da shekara 54, sarkin da aka yi wa murnar samun sauƙi kuwa sai 1715.